Kiwon tsaka a gida: tambayoyi da amsoshi kan ciyarwa, mazauni da renon 'ya'yanta

A Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya akwai masu ajiye tsaka a akwatin gilashi suna ciyar da ita. A wajenmu abin baƙo ne, ga mutane da yawa ma abin ƙyama. Duk da haka tambayoyi a kanta ba sa yankewa: ɗalibin nazarin halittu da aka ba aikin bincike, malamin makaranta da ke son nuna wa ɗalibai yadda ƙwai ke ƙyanƙyashewa, yaro da ya tsinci fararen ƙwai biyu a bayan kabad, ko ɗan'uwa mazaunin waje da 'ya'yansa suka matsa sai an saya musu. Tsakar da ke yawo a bango ita ke ɗauke da nauyin kanta. Daga ranar da ka rufe ta, abincinta da ruwanta da inuwarta sun dawo wuyanka, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun mutane yunwa ce da bushewa da zafi ke kashe su.

Wace irin tsaka ake nufi?

Ƙananan nan masu fitowa da dare suna farauta kusa da ƙwan lantarki. Akasarinsu daga dangin da masana ke kira Hemidactylus suke. Wadda aka fi gani a gidajen Afirka ta Yamma ita ce Hemidactylus angulatus, mai ɗigo-ɗigo da ƙananan ƙuraje a baya. Akwai Hemidactylus mabouia, 'yar asalin Afirka, wadda jiragen ruwa suka kai har Brazil da jihar Florida ta Amurka. Wadda aka fi sayarwa daga cikinsu a shagunan dabbobi na waje kuwa ita ce Hemidactylus frenatus ta kudu maso gabashin Asiya. Babba a cikinsu tana kai santimita 8 zuwa 15 har da wutsiya. Kulawarsu kusan iri ɗaya ce, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Malam, ba an ce tana da dafi ba, har tana sa kuturta?

Tsakar gida ba ta da dafi, a baki ko a fata ko a wutsiya. Kuturta ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, wadda likita Hansen ɗan ƙasar Norway ya gano a 1873, kuma daga mutum take zuwa ga mutum bayan doguwar cuɗanya, galibi ta numfashi. Tsaka ba ta cikin wannan hanya. Albaras ma ba daga gare ta yake ba.

Amma fa iyayenmu da suka dage a rufe randa da tulu ba su yi kuskure ba. Tsaka, kamar ƙadangare da kunkuru, tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinta ba tare da ta yi rashin lafiya ba, kuma binciken da aka yi a garin Nsukka da ke kudancin Najeriya cikin shekarun 1980 ya samu wannan ƙwaya a jikin tsakar gidaje. Kashinta, baƙi mai ɗan fari a ƙarshe, idan ya faɗa cikin ruwa ko abinci yana iya kawo gudawa da amai da zazzaɓi. Don haka mai kiwo ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa akwatin. Kada a ajiye shi a kicin, kada a wanke kayansa inda ake wanke kwanuka. Gidan da ke da jariri, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai ciki, ko marar lafiyar da garkuwar jikinsa ta yi rauni, shawarata a haƙura da kiwon baki ɗaya.

Me addini ya ce?

Wannan ba tambayar da za a kewaye ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Sharik cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kashe tsaka, kuma malamai da dama sun tafi a kan cewa abin da aka yi umarni da kashe shi ba a kiwonsa don sha'awa. Musulmin da ke tunanin ajiye ta, ko don karatu da bincike ne, ya fara zuwa wajen malaminsa kafin ya sayi akwati. Fatawa aikin malamai ce.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin azabtar da dabba. A littattafan nan biyu akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Wanda ya jefa tsaka cikin kwalba ya manta da ita har ta bushe ya aikata abin da ba a yarda da shi ba, kowane ra'ayi ya bi. Saboda irin wannan na rubuta shafin nan.

Ina son in riƙa kallonta kawai. Dole sai na kama ta?

A'a, kuma wannan ce hanyar da na fi so. Fitila ɗaya a bangon waje ta isa. Ƙwari za su taru, tsaka za ta zo, za ka ga farauta da faɗa da neman aure, ka kuma ji kukanta na cak-cak-cak, ba tare da ka ɗauki nauyin rai ba. Ɗalibi mai bincike zai fi samun halayenta na gaskiya a bango.

Wane irin akwati ya dace?

Mai tsayi, domin tsaka mahayiya ce. Ga guda ɗaya, tsayin santimita 45 da faɗin 30 ya wadatar. Na gilashi ya fi kyan gani, amma babbar robar ajiye kaya mai haske ma tana yi, idan aka yanke tsakiyar murfin aka manna ragar taga mai ƙananan ido. Ka duba kowace kafa da kyau. Ƙarƙashin yatsunta akwai dubban siraran gashi da ido ba ya gani, su ne ke ba ta damar hawa gilashi har ta yi tafiya a rufi, kuma jikinta shafal ne, tana bi ta tsagar da ba ka zata ba.

A ƙasa a shimfiɗa tishu ko takarda marar rubutu, ana canjawa duk kwana biyu ko uku. Yashi da garin katako suna shiga baki lokacin cafkar ƙwaro, su toshe hanji. A jingina ɓawon itace, rassa, guntun kiret ɗin ƙwai da kwalin tsakiyar tishu, a tsaye. Maɓoya ba ado ba ce. Tsakar da ba ta da wurin ɓuya da rana tana cikin firgici kullum, kuma mai firgici ba ta cin abinci.

Sai na sayi fitilar ɗumama akwati kamar yadda nake gani a bidiyo?

Masu waɗannan bidiyo a ƙasashen sanyi suke. Abin da tsaka ke so shi ne digiri 25 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas da rana, ya ɗan sauka da dare. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ɗaki da kansa yana ba da wannan a yawancin shekara, kuma haɗarin da ya fi girma shi ne zafi. A watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, akwatin gilashi da rana ta haska ta taga na iya kashe ta cikin ƙasa da awa guda, domin ba ta da hanyar gudu zuwa wuri mai sanyi kamar yadda za ta yi a bango. A sa akwatin a ƙasa, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da rufin kwano, a rufa jiƙaƙƙen tsumma a kan rabin ragar.

Hunturu matsalarsa biyu ce, sanyin asuba da bushewar iska. Idan ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 20 za ka ga ta yi lakwas ta rage ci. Ƙaramin ƙwan lantarki mai zafi a saman gefe ɗaya ya isa, a bar ɗaya gefen da sanyinsa don ta zaɓa. In an ɗauke wuta, kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma aka jingina a jikin akwatin daga waje tana taimakawa. Ƙaramin ma'aunin zafi ya fi duk wani hasashe.

Me take ci?

Ƙwari masu rai, masu motsi. Motsin ne ke sa ta kai hari, shi ya sa matacce ko busasshen ƙwaro ba kasafai take kula shi ba. Ƙananan gyare su ne abincin da masu kiwo suka fi dogara da shi. Sai 'ya'yan kyankyason da aka kiwata a roba, ƙananan fara, ƙananan malam-buɗe-littafin dare da ke zuwa wajen fitila, da tsutsar baƙin ƙuda wadda masu kiwon kifi da kaji suka fara samarwa a ƙasashenmu. Ita wannan tsutsa tana da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, fiye da sauran, don haka tana da amfani sosai. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko abinci ne mai kyau, sai dai maiƙonsa yana da yawa, na ɗan lokaci ne. Tsutsar dusa mai tauri a ba da kaɗan-kaɗan, kuma ga manya kawai.

Girman ƙwaro yana da ƙa'ida: kada ya fi faɗin kan tsakar. Wanda ya fi haka yana iya maƙale mata, ko ta ji tsoronsa ta ƙi ci. Babba a ba ta ƙwari 4 zuwa 6 duk bayan kwana biyu, bayan magariba, lokacin da take fitowa. Da safe a kwashe abin da ya rage. Gyare mai jin yunwa yana gaigayar yatsu da wutsiyar tsaka tana barci, kuma rauni irin wannan yana saurin ruɓewa.

Ina jaddada bambanta abinci. A bango tsaka tana cin ƙwari iri-iri a dare ɗaya, kowanne da abin da yake ba jikinta. Wata uku a kan gyare kaɗai yana barin giɓi ko da cikinta a cike yake.

Zan iya kamo mata ƙwari a tsakar gida?

Za ka iya, idan ka tabbata ba a yi feshi a wurin ba. A gidajenmu wannan sharaɗi yana da wuyar cika. Piya-piya, maganin sauro na feshi da na ƙonawa, hodar kyankyaso, maganin gona, duk suna zama a jikin ƙwaro, kuma ƙwaron da ya sha magani shi ne ke tafiya a hankali har ka kama shi cikin sauƙi. Dabbar da nauyinta bai wuce 'yan giram ba, kaɗan ya ishe ta. Ɗakin da akwatin yake ma kada a yi feshi a ciki.

Akwai waɗanda ba a bayarwa ko da babu magani: maƙesu, hangara, farar tumfafiya da duk ƙwaro mai launi mai ɗaukar ido, domin galibi launin gargaɗin guba ne. Haka cinnaka da tururuwa, shanshani, zanzaro da ƙudan zuma. Kyankyason masai da ƙudan bola kuwa suna ɗauke da cuta.

Madara fa, ko tuwo, ko ɗan nama?

A'a. Hanjinta ba ya narkar da madara ko hatsi. Takan lashi abu mai zaƙi idan ta samu, amma ba zai riƙe ta ba.

Ana ta maganar hodar kalsiyam. Lallai ne?

Lallai ne, kuma a nan mafi yawan masu kiwo ke faɗuwa. Gyare da tsutsar dusa suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Idan jiki ya rasa kalsiyam a abinci sai ya riƙa zara daga ƙashi. Alamomin suna zuwa a hankali: muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, wutsiya ta yi gwiwa-gwiwa, jiki ya riƙa rawa, daga baya ta kasa manne wa gilashi. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa, ko da an gyara abinci.

Maganin yana da sauƙi. A zuba ƙwarin a leda da ɗan hodar kalsiyam, a girgiza a hankali har su yi fari-fari, a ba ta nan take. Babba sau biyu ko uku a mako, mace mai ƙwai da ƙanana kusan kowane ci. In ba a samu ta shago ba, a tafasa ɓawon ƙwan kaza, a shanya, a daka shi ya yi laushi sosai, a tankaɗe. Jiki ba ya amfana da kalsiyam sai da bitamin D3, wanda ake samu a hodar dabbobi masu jan ciki, sau ɗaya a mako ya isa, ko daga fitila ta musamman mai ƙaramin ƙarfi. Hasken rana da ya ratso gilashi ba ya ba da wannan bitamin, zafi kawai yake kawowa.

Su ma ƙwarin a ciyar da su kwana ɗaya ko biyu kafin a bayar: ganyen zogale, karas, kabewa da ɗan abincin kaji masu ƙwai. Abin da ke cikin gyare shi ne ke shiga cikin tsaka.

Ban taɓa ganin ta sha ruwa a kwano ba.

Ɗigon ruwa take lasa a jikin bango da ganye. A fesa ruwa mai tsabta a gefe ɗaya na akwatin kowace yamma, da hunturu safe da yamma, a bari ya bushe kafin feshi na gaba don kada fumfuna ta kama. A ajiye murfin kwalba da ruwa duk da haka. Idan ka ga tana lasar idonta, wanke shi take yi, domin ba ta da fatar ido mai rufewa.

Yau kwana huɗu ba ta ci komai ba.

Ga sabuwar kamu wannan ba abin tashin hankali ba ne. A rufe gefe uku na akwatin da kwali, a daina leƙe da taɓawa. Sannan a duba zafi, a duba girman ƙwarin. Kafin saɓa ma takan rage ci. Abin lura shi ne gindin wutsiya da ƙashin ƙugu: idan wutsiya ta tsotse, ƙashi ya fito, ido ya zurma, to tana ramewa. Tsakar da aka kamo daga gida ta kai mako biyu ba ta ci ba, a mayar da ita inda aka kamo ta. Wadda aka sayo a kai ta wajen likitan dabbobi tare da sabon kashinta, a duba tsutsar ciki.

Zan iya haɗa biyu ko uku?

Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, za su yi faɗa har rauni. Namiji ana gane shi da kumburi biyu a gindin wutsiya ta ƙasa da layin ƙananan ramuka a cinya. Namiji ɗaya da mata biyu suna iya zama a babban akwati mai maɓoya da yawa, amma ka shirya wa ƙwai. Babba da ƙarama kuwa ba a haɗa su, domin babbar za ta cinye ƙaramar.

Na tsinci ƙwai. Yaya zan yi?

Tsakar gida biyu-biyu take sakawa, farare masu tauri, ba su fi ƙwayar wake ba. Mace tana iya ajiye maniyyi a jikinta na tsawon watanni, don haka wadda ke zaune ita kaɗai ma tana iya saka ƙwai masu rai. In wurin da ka gan su babu haɗari, barin su ya fi. In dole a ɗauke, a sa ɗigon fensir a saman kowanne, a ɗaga ba tare da an juya ba, domin ɗan tayin yana manne da gefen sama kuma juyawa na iya kashe shi. Wanda ya manne da bango ko itace kada a ɓamɓare, zai fashe. A kife masa ƙaramin kofin roba mai hudoji.

A ɗora ƙwan a busasshen murfin kwalba, a sa murfin cikin roba mai jiƙaƙƙiyar auduga a gefe, yadda iska za ta yi laima amma ruwa bai taɓa ƙwan ba. A digiri 27 zuwa 30 yakan ɗauki mako 6 zuwa 10. Bayan mako biyu, idan ka haska shi da tocilan waya a cikin duhu, mai rai zai nuna ja-ja da jijiyoyi.

Ya ƙyanƙyashe! Me zan ba shi?

A kwana biyu zuwa huɗu na farko, ruwa kawai. Ɗan tsaka yana fitowa da sauran gwaiduwa a cikinsa, kuma galibi ba ya fara ci sai ya yi saɓar farko. Tsawonsa bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, fatarsa siririya ce, don haka bushewa ce ke fara kashe shi tun kafin yunwa. A sa kowanne shi kaɗai a ƙaramar roba, da tishu a ƙasa wanda gefensa ɗaya ke da ɗan danshi, da guntun kiret ɗin ƙwai. A rufe da yadin gidan sauro a ɗaure da roba, domin hudar da aka yi da ƙusa ma yana iya bi ta ciki. Feshi sau biyu a rana, siriri. Kada a sa kwanon ruwa, yana nutsewa a ruwan da bai kai rabin santimita ba. In za a sa murfin kwalba, a cika shi da jiƙaƙƙiyar auduga.

Abincinsa ƙananan ƙudajen nan ne da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba, da 'ya'yan gyare sababbin ƙyanƙyasa, da ƙananan gara. Kullum ake ba shi, guda 5 zuwa 10, da hodar kalsiyam. Akwati ƙarami ya fi a wannan mataki, don ya iske abincin ba wahala. Ganin ɗan baƙin kashi a kan tishu shi ne shaidar yana ci. Kada a ɗauke shi da yatsu. In za a canja masa wuri, a bar shi ya hau guntun kwali a ɗaga kwalin.

Ƙudajen ana iya kiwonsu a gida: a dama ayaba da ɗan yis a kwalba, a bar ta a buɗe kwana ɗaya ko biyu su shiga su yi ƙwai, a rufe da yadi. Cikin kwana 10 zuwa 14 sababbi za su fito. In aka sa kwalbar a firiji na minti biyu sai su yi sanyi su kasa tashi, a zuba masa. A fara wannan kiwo tun ƙwan tsakar bai fashe ba. Wanda ba zai iya ba, ya saki ɗan tsakar da magariba a wani lungu kusa da inda ya tsinci ƙwan, nesa da manya. Uwa ba ta renon su, daga ƙwai suke fitowa da sanin farauta.

Wutsiyarta ta gutsure, tana ta motsi ita kaɗai.

Dabarar tsira ce. Ƙashin wutsiyar yana da wuraren tsinkewa, jini kaɗan ke fita, motsin guntun kuma yana ɗauke hankalin maƙiyi. Kada a shafa magani. A tsabtace tishu, a ƙara abinci, domin kitsen da ta tara ya tafi da wutsiyar. Sabuwa za ta fito cikin wata ɗaya zuwa biyu, da guringuntsi a maimakon ƙashi, launinta ma daban. Yawanci kamu da hannu ne ke jawo wannan. Tsaka dabbar kallo ce, ba ta sabawa da riƙo.

Na ga farar fata ta maƙale a yatsunta.

Saɓa ce da ba ta gama fita ba saboda bushewar iska. A al'ada takan cire ta ta cinye cikin dare ɗaya. Wadda ta rage a yatsa tana ɗaure shi har jini ya daina zuwa, yatsan ya faɗi. A sa ta a roba mai hudoji da jiƙaƙƙen tishu mai ɗumi na minti 15 zuwa 20, sannan a goga a hankali da jiƙaƙƙiyar audugar kunne. Kada a ja da ƙarfi.

Ta manne a gam ɗin kama ɓera.

A ɗiga man gyaɗa kaɗan a inda fatar ta haɗu da gam, a riƙa turawa da audugar kunne har ta saki, a kiyaye hanci da baki. Daga nan a goge man da jiƙaƙƙen tishu, don yatsu masu maiƙo ba sa kama bango.

Shekara nawa take yi, kuma in na gaji zan iya sakinta?

Da kulawa mai kyau takan kai shekara 5, wasu su ɗan haura. 'Yar gida da aka kamo a unguwa ana iya mayar da ita wurinta, da magariba, in tana da lafiya. Wadda aka sayo daga wata ƙasa ba a sakinta. Tsakar Asiya da ta shiga tsibirin Mauritius ta kori wasu ƙananan nau'o'in tsaka na asalin wurin daga tsibirin, kuma ta bazu a Hawaii da arewacin Ostireliya. Irin wannan a nemi wani mai kiwo ya karɓa, ko a tuntuɓi sashen nazarin dabbobi na jami'a mafi kusa.